Faifan Elvis na 1956 ko na Little Richard na 1957: wanne za ka fara saya?

Wani ƙanina da ke karatu a Ingila ya tsinci tsohuwar garmaho a kasuwar gwanjo, ya sa aka canza mata allura, sai ga kiransa da daddare. "Yaya, kuɗin faifai ɗaya ne a hannuna. Na Elvis na farko zan ɗauka ko na Little Richard?" Ya san ni da tara tsofaffin waƙoƙin Amurka tun zamanin kaset, shi ya sa ya ɗauka a kan layi zan yanke masa hukunci. Na ce ya ba ni kwana biyu in sake sauraronsu. Amsar da na ba shi ce na ɗan faɗaɗa a nan, saboda duk wanda ya tsaya a wannan mararraba, ko faifan garmaho zai saya, ko CD, ko kuwa datarsa kawai zai ƙona.

Daga nesa kamar tagwaye suke. Kowanne shi ne babban faifai na farko ga mai shi, waƙa goma sha biyu-sha biyu, shida gaba shida baya, kuma babu wanda ya cika rabin awa. Na Elvis Presley, wanda sunansa kawai aka sa masa, kamfanin RCA Victor ne ya fitar da shi ranar 23 ga Maris 1956. Na Little Richard, mai suna Here's Little Richard, kamfanin Specialty na Los Angeles ne ya fitar da shi a watan Maris 1957. Har waƙa ɗaya suka yi tarayya a kanta, "Tutti Frutti". Inda suka rabu shi ne yadda aka naɗe su, kuma wannan bambancin kunnenka zai ji shi ko da ba ka san tarihin ba.

Mu fara da na Elvis, tunda shi ne yaya.

A watan Nuwamba 1955 RCA ta sayi kwantiraginsa daga hannun Sam Phillips, mai ƙaramin kamfanin Sun da ke Memphis, a kan dala 35,000, aka ƙara wa shi Elvis dala 5,000 na bashin la'adarsa da yake bin Sun. A wancan zamani ba a saba jin an zuba irin wannan kuɗi a kan mawaƙi ɗaya ba, balle yaro ɗan shekara ashirin da galibi mutanen kudancin Amurka ne suka san shi. Cinikin ya haɗa da duk tef ɗin da Phillips ya naɗa, waɗanda suka fita kasuwa da waɗanda ya ajiye a kan kanta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutumin da ya sa wuyansa a cinikin a ɓangaren RCA shi ne Steve Sholes, kuma shi aka bar wa aikin nuna cewa ba cinikin biri a sama aka yi ba. Zaman farko an yi shi a Nashville ranakun 10 da 11 ga Janairu 1956, kwana biyu bayan Elvis ya cika shekara 21, a wani gini na sashen rediyo da talabijin na cocin Methodist da RCA ke haya. Elvis ya zo da mutanensa: Scotty Moore a kan jita, Bill Black a kan babbar bes ta tsaye, D.J. Fontana a kan ganguna. Sholes ya ƙara musu Chet Atkins da wata jitar, Floyd Cramer a kan fiyano, da 'yan amshi uku. Kwana biyu, waƙa biyar kacal aka samu. Daga nan aka koma New York, ranakun 30 da 31 ga Janairu da kuma 3 ga Fabrairu, aka samu wasu takwas, wannan karon Shorty Long ne ke kan fiyano. Tsakanin zaman biyu, ranar 28 ga Janairu, Elvis ya fara fitowa a talabijin ta ƙasa baki ɗaya, a shirin 'yan uwan nan Dorsey na tashar CBS. Wato ana naɗar faifan ne a daidai makonnin da sunansa ke tashi daga na yanki yana zama na ƙasa, kuma ana jin wannan gaggawar a cikin waƙoƙin New York.

Waƙa goma sha uku ai sun isa faifai. Sai dai al'adar manyan kamfanoni a lokacin ita ce a ware waɗanda ake sa ran za su ci kasuwa a fitar da su a ƙaramin faifai, mai waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, wanda matasa ke iya saya da kuɗin aljihunsu. Don haka "Heartbreak Hotel", wadda aka naɗa ranar 10 ga Janairu kuma ita ce ta kai shi lamba ɗaya a karon farko a babban jadawalin ƙasa, ba ta cikin faifan. Sholes ya ɗauki bakwai daga sababbin, uku na Nashville da huɗu na New York, ya cike gurbin biyar da ragowar da Phillips ya ajiye tun 1954 da 1955. Fitattun waƙoƙin Sun ma, irin su "That's All Right" da "Mystery Train", ba a sa su ba, tunda sun riga sun fita. Abin da ya kai kasuwa haɗin gambiza ne daga garuruwa uku, ɗakuna uku, cikin wata goma sha tara.

A nan ya kamata in tsaya kan maganar amo, don ita ce ta fi raba waƙoƙin. Phillips yana da na'urar tef guda biyu ƙirar Ampex. Yakan bi da sautin ta cikin ta biyun ya dawo da shi da ɗan jinkiri, bai kai ƙiftawar ido ba, sai muryar ta fito kamar tana tafe da inuwarta. Wannan dabarar ce ta sa mutum uku, mawaƙi da jita da bes, ba ko ganga, suke cika kunne kamar taro. Injiniyoyin RCA sun ji abin amma ba su san yadda ake yi ba. A Nashville sai suka kafa lasifika a ƙarshen wani dogon baranda na cikin ginin, makirufo a ɗaya ƙarshen, suka naɗi amon da ke dawowa. Abin da suka samu amon rijiya ne, mai faɗi da duhu, ba ɗan takaitaccen marin nan na Sun ba. Ka saurari "Money Honey" ta Nashville sannan ka koma "Just Because" ta Sun, za ka rantse ba mutum ɗaya ne ya shiga ɗakunan ba.

To ragowar Sun ɗin fa, ƙanzo ne ko nama? Gauraye ne. "I Love You Because" an naɗe ta ranar 5 ga Yuli 1954, daren da aka yi ta laluben abin da yaron nan zai iya kafin a yi dace da "That's All Right". RCA ta yanka ɗauka biyu ta liƙa su ta fitar da guda. Murya ce ta ɗan shekara goma sha tara mai jin kunya, yana kwaikwayon manyan da yake ji a rediyo. Ga mai bin tarihi abin sha'awa ce. Ga mai son a tashe shi daga kujera, wurin ɗaga allura ne. "I'll Never Let You Go" ma kusan haka take, tana jan ƙafa har sai dab da ƙarshe ta zabura. Amma biyu daga cikinsu sun fi duk abin da RCA ta naɗa a watan Janairun nan. "Trying to Get to You", ta Yuli 1955, a nan ne muryar ta nuna duk faɗinta, daga ƙasa har inda take neman tsagewa. Sai "Blue Moon", tsohuwar waƙar Rodgers da Hart ta 1934, wadda aka naɗa a watan Agusta 1954. Scotty Moore yana ƙwanƙwasa tsirkiyar jitarsa kamar takun doki daga nesa, Elvis yana ta siririn kuka marar kalma, amon Phillips ya lulluɓe komai. In ka sa ta da tsakar dare kai kaɗai sai ka waiwaya. Ban san wata waƙa ta wannan zamanin mai kama da ita ba, kuma ita kaɗai takan sa in yi jinkirin cewa a bar faifan.

Sababbin bakwai ɗin yawancinsu waƙoƙin wasu ne da suka riga suka yi suna: "I Got a Woman" ta Ray Charles, "Money Honey" ta ƙungiyar Drifters lokacin Clyde McPhatter, "Blue Suede Shoes" ta Carl Perkins, wanda a daidai lokacin tasa ke tashe a ƙarƙashin Sun. Ana ba da labarin cewa Sholes, da ya ga yadda Perkins ke cin kasuwa, har ya kira Phillips yana tambaya ko dai ya sayi wanda bai kamata ba. RCA ba ta fitar da ta Elvis a ƙaramin faifai don ta yi gogayya da ta mai ita ba sai a watan Satumba, amma ita aka sa ta buɗe babban faifan, da ƙirgen nan nata na ɗaya, biyu, uku. Buɗewa ce mai kyau, ba musu. Faifan ya yi mako goma a lamba ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, kuma shi ne na farko na rock and roll da ya taɓa hawa wurin.

Yanzu ga ƙanin faifan, na Little Richard, wanda a shekaru mai shi ne babba. An haifi Richard Wayne Penniman a Macon ta jihar Georgia ranar 5 ga Disamba 1932, ya girmi Elvis da shekara biyu da wata ɗaya. Abin dariya, shi ya riga Elvis shiga RCA: ya naɗa musu waƙoƙi a Atlanta a 1951 da 1952, ba su je ko'ina ba. Ya koma kamfanin Peacock na Houston, nan ma shiru. A watan Fabrairu 1955, bisa shawarar mawaƙi Lloyd Price, ya aika wa Specialty tef ɗin gwaji, ya yi ta damunsu da waya wata da watanni. A ƙarshe mai kamfanin, Art Rupe, ya ba shi rancen dala 600 ya fanshi kansa daga Peacock. Ka ajiye dala 600 kusa da dala 40,000, ka ga yadda kasuwar Amurka ta 1955 ta kimanta baƙar fata da farar fata masu sana'a ɗaya. Gaskiya ne Elvis yana da ɗan tashe a lokacin, Richard kuwa ba shi da ko ɗaya, amma abin da ya biyo baya bai gyara lissafin ba. Shi Richard ya sha faɗa cewa rabin santi ake ba shi a kan kowane faifai, ya kuma sayar da haƙƙin mallakar "Tutti Frutti" a kan dala 50. Har kotu ya je da Specialty daga baya.

Rupe ya tura furodusansa, Robert Blackwell da ake kira Bumps, zuwa New Orleans, suka shiga situdiyon J&M na Cosimo Matassa ranakun 13 da 14 ga Satumba 1955. Ɗaki ne ƙarami a bayan shagon sayar da faya-fayai a titin Rampart, wajen ƙafa 15 a 16, inda Fats Domino ya naɗi waƙarsa ta farko a 1949. Makaɗan gidan kuwa ba na wasa ba ne: Earl Palmer a kan ganguna, Lee Allen da Alvin "Red" Tyler a kan saksafon, Frank Fields a kan bes. Sun yi shekaru suna kiɗa tare a ɗaki ɗaya, kowa ya san numfashin ɗan uwansa. Babu gyaran baya, babu ƙara wani abu daga baya. Kowa ya shiga, a kunna tef, in an ɓata a sake daga farko.

Labarin ranar ta biyu ya shahara, kuma daga bakin Blackwell aka fi jin sa. An yi ta naɗar waƙoƙi masu sanyi, Richard a ɗarare, ba abin da ya kama. Da aka fita hutun cin abinci a gidan rawa na Dew Drop Inn, sai ya ga fiyano da 'yan kallo, ya hau ya ɓarke da wata waƙar da yakan yi a gidajen rawa, mai cike da batsa. Blackwell ya ji ya san ita ce, amma ba gidan rediyon da zai sa ta a haka. Aka ba wata marubuciyar waƙa, Dorothy LaBostrie, ta wanke kalmomin, aka naɗe ta a ɗauka uku ana saura kwata lokacin situdiyo ya ƙare, shi da kansa a kan fiyano. "Tutti Frutti" ke nan. Ta kai lamba biyu a jadawalin rhythm and blues, wato na kiɗan baƙaƙen Amurka. A faifan akwai "Baby", ita ma daga zaman Satumban nan, kuma tana ɗaya daga cikin waɗanda ya aika a tef ɗin gwaji. Sa ta bayan "Tutti Frutti" ka ji Richard na kafin cin abincin rana da na bayansa.

Wani abu da nake so ƙanina ya kasa kunne a kai shi ne faɗan da ke tsakanin fiyano da ganga a wannan waƙar. Hannun damar Richard yana dukan fiyano daidai-wa-daida, takwas-takwas, kamar mai dakan sakwara da ba ya ɗaga kai. Earl Palmer kuwa yana kan tsohon salon da ya saba, mai ɗan ɗingishi da rangaji. Palmer da kansa ya ce daga baya ya gane dole ya miƙe kiɗansa ya bi fiyanon. In ka bi waƙoƙin faifan bisa tsarin ranakun naɗarsu, daga Satumba 1955 zuwa "Long Tall Sally" da "Slippin' and Slidin'" na Fabrairu 1956, zuwa "Rip It Up" da "Ready Teddy" na watan Mayu, zuwa "Jenny, Jenny" ta Oktoba, kana jin gangar tana ƙara miƙewa tana ƙara nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu. Bugun da duk wani kiɗan rock ya gada daga baya, a nan kake jin ana ƙera shi wata-wata.

Kuma kusan duk a hannun mutane ɗaya. Goma daga cikin sha biyun a New Orleans aka naɗe su da makaɗan Matassa. Biyu ne kawai daga Los Angeles: "True, Fine Mama" ta Nuwamba 1955 da wasu makaɗa daban, da "She's Got It" ta Satumba 1956 da ƙungiyarsa ta yawon wasa, Upsetters. Shi ya sa faifan yake da zubi ɗaya duk da cewa shekara guda aka yi ana tara shi. Rupe kuma bai bi al'adar RCA ta ɓoye manyan waƙoƙi ba. Shida daga cikin sha biyun sun riga sun fita a ƙananan faya-fayai sun yi kasuwa, ya tattaro su ya zuba. Wani zai ce ai wannan ba kundi ba ne, tarin tsofaffin nasarori ne. Na yarda, amma mai kuɗin faifai ɗaya ba zai yi kuka da hakan ba.

Akwai ɗan labari a kan "Long Tall Sally" da ke nuna yanayin kasuwar. Pat Boone, Bature mai sanyin murya, ya sake yin "Tutti Frutti" tasa ta fi ta mai ita hawa a babban jadawali, ta kai lamba 12. Blackwell ya ce da gangan suka riƙa ƙara wa "Long Tall Sally" gudu don kada bakin Boone ya iya bin kalmomin. Bai hana shi gwadawa ba, amma wannan karon ta Richard ce ta wuce, lamba shida a babban jadawali, lamba ɗaya a na rhythm and blues. Babban faifan kansa ya tsaya a lamba 13.

Tunda dukansu sun yi "Tutti Frutti", nan ne wurin gwaji mafi sauƙi. Ta Elvis, wadda aka naɗa ranar 31 ga Janairu 1956, ta fi gudu, ba ta cika minti biyu ba, babu saksafon, jitar Scotty Moore ce ke ɗaukar tsakiyar. Tana da ƙarfinta, amma kamar mai gudu da takalmin aro take; ihun buɗewar a bakinsa kalmomi ne da ya haddace. A bakin Richard kuwa ganga ce aka buga da harshe. A wannan zagayen ko masoyan Elvis ba sa jayayya. Shi ma Elvis ɗin ya san inda rijiyar take: a faifansa na biyu, na Oktoba 1956, ya sake ɗebo "Rip It Up", "Ready Teddy" da "Long Tall Sally". Waƙoƙi huɗu ke nan daga cikin sha biyun Richard da suka shiga faya-fayan Elvis biyu na farko.

Kada in yi wa Elvis rashin adalci, akwai abin da faifansa ke da shi wanda na Richard ba shi da shi: kala-kala. Waƙar karkara ta Turawan kudu, waƙar baƙaƙen birni, tsohuwar waƙar soyayya, duk a murya ɗaya da ke canza riga daga wannan zuwa waccan. Na Richard kusan hanya ɗaya ce. Ko masu sanyin cikinsa, "Can't Believe You Wanna Leave" da "Oh Why?" da "Miss Ann", da maƙogwaro a buɗe yake yin su, irin na wanda ya tashi a waƙoƙin coci. Wanda ke son abin da zai riƙa ji yana karatu ko yana hira, wannan faifan zai hana shi. Akwai ranar da na sa shi sau biyu a jere, kaina ya ɗauki zafi. Haka kuma in bango kake so ka kafa a ɗaki, na Elvis ya fi: hoton baƙi da fari da aka ɗauka a Tampa ta jihar Florida ranar 31 ga Yuli 1955, baki a buɗe, jita a ƙirji, sunansa da ruwan hoda da kore, tsarin da ƙungiyar Clash ta kwafa a bangon faifanta na 1979.

Ga hukuncin da na ba ƙanina: ya fara da Here's Little Richard. Dalilina shi ne, wannan faifan shi ne Richard a ƙololuwarsa, a ɗakin da ya dace da shi, da makaɗan da suka dace da shi, kuma lokacin bai daɗe ba. A watan Oktoba 1957, yana tsakiyar yawon wasa a Ostireliya, ya ce ya bar kiɗan duniya, ya tafi karatun addini a kwalejin Oakwood da ke Alabama. Kusan duk abin da ya sa ake kiran sunansa an naɗe shi cikin shekara biyu, kuma rabinsa yana cikin wannan faifan. Na Elvis kuwa ba shi ne Elvis a ƙololuwarsa ba, hotonsa ne yana tsallaka titi daga Sun zuwa RCA. Wanda ke son jin ainihin abin da ya faru a ɗakin Phillips gara ya nemi The Sun Sessions na 1976 ko Elvis at Sun na 2004, inda aka tara na Memphis wuri ɗaya. In kuwa kai mai bin diddigi ne, mai son jin yadda babban kamfani ya karɓi abin da bai gane ba yana lalube, to juya hukuncin, ɗauki na Elvis. Kuma mai neman "Lucille" ko "Good Golly, Miss Molly" ya sani ba sa cikin na farkon Richard, suna cikin na biyu, na 1958.

Zaɓen suna rabin aiki ne, sauran rabin shi ne wane bugu za ka ɗauka, kuma a nan aka fi cutar mutane. Dukansu a mono aka naɗe su, sauti mai hanya ɗaya. A farkon shekarun 1960 RCA ta sake fitar da na Elvis da sitiriyo na jabu, aka raba sautin gida biyu da na'ura aka ƙara masa amo a kan amo. Lambar asalin ita ce LPM-1254. In ka ga LSP-1254 da ƙaramin harafin e a gefe, na jabun ne, ajiye shi ko da araha. Shi kuma da yake a Ingila yake, na ja masa kunne cewa faifan farko da kamfanin HMV ya fitar a can a 1956, mai suna Rock 'n' Roll, jerin waƙoƙinsa daban ne: akwai "That's All Right" da "Mystery Train", amma babu "Blue Moon", babu "Tutti Frutti". Faifai ne mai kyau, wasu ma sun fi son sa, sai dai ba shi muke magana a kai ba. Ga mai sayen CD ko mai saurare ta waya, bugun 1999 da na bayansa sun ƙara "Heartbreak Hotel" da wasu biyar na watannin nan, abin da ya rufe babban giɓin faifan ya kuma rage tazarar da ke tsakaninsa da na Richard.

A ɓangaren Richard tarkon ɗumame ne. Da ya dawo kiɗa ya sake naɗar tsofaffin waƙoƙinsa ga kamfanin Vee-Jay a 1964, ya kuma maimaita wa wasu kamfanonin daga baya, kuma waɗannan ne suka cika faya-fayan araha masu hotonsa a bango. Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi wani CD a hannun mai tura baro, waƙa ashirin, duk sunayen da na sani. Na isa gida na sa, muryar tasa ce, amma gangar ba ta Earl Palmer ba ce, busar ba ta Lee Allen ba ce, komai ya yi laushi kamar tuwon jiya. Na duba bayan kwalin, ko'ina babu sunan Specialty. Wannan sunan shi za ka nema, ko kuma tambarin London in tsohon bugun Ingila ne. Bugun kamfanin Concord na 2012 ya haɗa da tef ɗin gwajin nan na 1955 da hira da Art Rupe, na Craft na 2017 kuma, na cika shekara 60, faifai biyu ne da ɗauke-ɗauken da ba a fitar ba. Asalin bugun 1956 ko 1957 mai lafiya kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne, kuma allurar gwanjo ba za ta yi masa adalci ba. Sabon bugu a mono ya wadatar.

Kafin ya biya, na ce ya sa abin kunne ya saurari waƙa biyu a wayarsa, ɗaya bayan ɗaya, minti biyar ba su cika ba: "Blue Moon" daga wancan, "Jenny, Jenny" daga wannan. Wadda ya ji yana son maimaitawa nan take, faifanta zai ɗauka, ya manta da duk surutuna. Na kuma ce in ya zo baitocin ƙarshe na "Jenny, Jenny" ya ƙara sauti kaɗan. Muryar ta riga ta dishe, kana jin Richard yana fizgar numfashi tsakanin kalma da kalma, su Lee Allen ba su rage masa gudu ba, Matassa kuma bai tsayar da tef ɗin ba.